Babi na Shida: Kowane Teku da Halinsa

A watan Nuwamba na 2011, jami'an gwamnati da masana ilimin teku daga ƙasashen Turai da dama suka taru a Lisbon, babban birnin Fotugal, don tattauna yadda za a raba wa masu amfani da teku wurare. Maimakon a zaunar da su a yi ta karanta musu takardu, sai aka kasa su ƙungiya-ƙungiya. Aka ƙirƙiri ƙasashe huɗu masu sunayen launuka, aka ba su teku ɗaya a kan kwamfuta, aka ce kowace ƙasa ta tsara nata ruwan. Gwamnatin Holan ce ta ɗauki nauyin aikin, masanan Jami'ar Fasaha ta Delft, ƙarƙashin jagorancin Igor Mayer, suka ƙera shi. Sunansa MSP Challenge. Daga baya aikin ya koma jami'ar birnin Breda, inda ya girma daga wasan yini ɗaya ya zama cikakkiyar manhaja wadda kowa zai iya saukewa kyauta.

Ba sha'awar wasa ce ta kawo haka ba, matsi ne. Tekun Arewa, wato ruwan da ke tsakanin Birtaniya da Norwe da Denmak da Jamus da Holan da Beljiyam da Faransa, ya cika ya batse. Manyan jiragen kaya na shiga Rotadam da Hambog dare da rana. Ga rijiyoyin mai da gas, ga masu haƙar yashi, ga filayen atisayen soja, ga jiragen jan koma, sannan ga sabon baƙo mai cin fili, tashoshin samar da lantarki daga iska. Wanda ya san yadda ake shata burtali tsakanin gonaki don kada shanu su faɗa wa amfanin gona ya riga ya fahimci aikin, sai dai a nan babu turke, babu shinge, kuma kifi ba ya neman izinin tsallake iyaka. A 2014 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa duk ƙasarta mai gaɓar teku ta fitar da tsarin rabon ruwanta kafin ƙarshen watan Maris na 2021. Sai aka wayi gari ana buƙatar mutanen da suka iya wannan aiki da yawa, kuma babu inda za su koya ba tare da sun yi ɓarna a ainihin teku ba.

Ga yadda zaman yake. Mutum uku ko huɗu suna gaban allo a matsayin hukumar ƙasa ɗaya. An ba su buri: su ƙara lantarki, su kare muhalli, kada kuma su kashe sana'ar su. Ɗaya daga cikinsu ya ja zane a inda ruwa ba shi da zurfi, ya ce nan za a kafa tashar iska. Nan take manhajar ta fito da gargaɗi cewa zanen ya hau kan hanyar jiragen ruwa. Ya matsar da shi gabas, sai ya ga wayar da za ta kai wutar tudu dole ta ratsa ruwan maƙwabciyar ƙasa, shirin kuma ba zai wuce ba sai mutanen teburin can sun amince. Ya tashi ya je wurinsu, suka ce sun yarda idan shi ma zai bar musu wani yanki da masuntansu ke shiga. Ana cikin haka agogon wasan na tafiya wata bayan wata. Da an kammala ginin, sai taswira ta fara canza launi: jiragen kaya sun kewaye, tafiyarsu ta ƙara tsawo, wasu dabbobin sun ƙaurace wa wurin saboda ƙara, wasu kifayen sun ƙaru saboda koma ta daina shiga. Abin da a zahiri sai an yi shekaru kafin a gani, a nan ana ganinsa kafin a tashi cin abinci.

Da abin ya karɓu a Tekun Arewa, sai wasu yankuna suka ce su ma suna so. Aka yi bugun Tekun Baltik, aka yi na yankin Kilaid a yammacin Sukotlan, daga baya aka yi na Tekun Adiriyatik. A nan ne ainihin labarin wannan babi yake, domin mai kallo daga waje zai ɗauka canjin taswira ne kawai: a cire wannan, a saka wancan. Manhajar kanta an gina ta ne yadda injin yake daban, kayan da ake zuba masa daban. Injin bai san sunan kowane teku ba. Taswirori na zaune a wani rumbun bayanai, ƙa'idojin wasan kuma na cikin wani dogon fayil da ake iya gyarawa. Ta fuskar kwamfuta, ƙaura abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin kayan da za a zuba, kuma kowane ɗaya daga cikinsu shawara ce da wani mutum zai yanke.

Shawarar farko ita ce inda taswirar za ta tsaya. Teku ba shi da bango, amma allon kwamfuta yana da gefe huɗu. Jirgin da ya taso daga Shanghai zai shiga Rotadam dole a ƙirƙira masa ƙofa a bakin taswira inda zai ɓullo, a kuma faɗa wa manhajar jirage nawa ke ɓullowa ta nan a wata. Kifin da ke haihuwa a wajen taswira ya shigo ya girma a ciki, shi ma sai an san yadda za a yi da shi. Idan aka yanke iyakar a wurin da bai dace ba, sai 'yan wasa su koyi dabarar tura matsala gefen allo, inda za ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

Sai tattara fallayen taswira, waɗanda ake ɗora su ɗaya bisa ɗaya: zurfin ruwa, irin ƙasar da ke ƙarƙashi, iyakokin ƙasashe, tashoshin jirage, wayoyi, bututu, wuraren da aka keɓe. Turawa sun ci sa'a a nan, domin suna da rumbun bayanai na haɗin gwiwa mai suna EMODnet, ƙasashen Baltik kuma suna da hukumar HELCOM da ta samo asali daga yarjejeniyar Helsinki ta 1974, wadda ta daɗe tana tara irin waɗannan bayanai. Duk da haka aikin na cin lokaci, saboda kowace ƙasa da yadda take rarraba abubuwa. Abin da wannan ta rubuta a matsayin hanyar jirage ta dole, waccan ta rubuta shi a matsayin yankin da jirage ke da fifiko kawai. Kafin a zuba su a falle ɗaya sai an zauna an daidaita ma'ana.

Wurin da ya fi cin ƙarfi shi ne kwaikwayon halittun ruwa. Manhajar na dogara da wani tsarin lissafi da ake kira Ecopath with Ecosim. Jeffrey Polovina ne ya fara shi a 1984 don nazarin wasu tsibiran murjani a Hawayi, Villy Christensen da Daniel Pauly suka faɗaɗa shi, Carl Walters ya ƙara masa lissafin lokaci da na wuri. Tushensa tambaya ce mai sauƙin faɗi: wa ke cin wa, kuma nawa? Ana kasa halittun teku rukuni-rukuni, daga ƙananan tsirrai masu yawo a ruwa har zuwa manyan kifaye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Kowane rukuni a san yawansa, da saurin hayayyafarsa, da abin da yake ci, da abin da ke cinsa, da abin da masunta ke kwashewa. Dole lissafin ya daidaita, kada a ce ana cin wani rukuni fiye da yadda yake haihuwa alhali a zahiri yana nan bai ƙare ba. Sannan a gwada shi da tarihin kamun kifi na shekaru, a ga ko zai iya maimaita abin da ya riga ya faru. Bayan haka ne ake yanka tekun gida-gida, a ce wane rukuni ke son wane zurfi, wane sanyi, wane gishiri.

Lissafin Tekun Arewa da Steven Mackinson da Georgi Daskalov suka fitar a 2007 yana da rukuni 68. Ya yi wa wasa nauyi, domin manhajar na buƙatar amsa cikin daƙiƙoƙi, don haka aka tace shi aka rage. Amma ko cikakkensa ba zai yi aiki a Baltik ba. Ruwan Tekun Arewa na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. A tsakiyar Baltik bai wuce giram bakwai zuwa takwas ba, can ƙuryar arewa tsakanin Suwidin da Finlan kuwa ya kusa zama ruwan daɗi, har kifayen kogi na zama a ciki. Baltik kusan rufaffen teku ne, ƙofarsa 'yan mashigai ne ƙunci a Denmak, ruwansa na daɗewa bai sauya ba. Takin gonaki da koguna ke kwasowa ya sa manyan wurare a ƙasansa sun rasa iskar shaƙa, ba abin da ke rayuwa a can sai ƙwayoyin bakteriya. Da hunturu ƙanƙara na rufe arewacinsa, hanyoyin jirage su koma bin inda jiragen fasa ƙanƙara suka buɗe. Duk wannan babu shi a lissafin Tekun Arewa.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman bambancin. Akwai wata 'yar ƙaramar dabba mai shayarwa, dangin dolfin, wadda da sauti take farauta, ƙarar buga turakun tashar iska kuma tana korar ta daga wuri mai nisa. A Tekun Arewa ƙidaya ta nuna sun haura 300,000. A tsakiyar Baltik kuwa, binciken da aka kammala a 2016 ya ƙiyasta kimanin 500 ne suka rage. Ƙarar iri ɗaya ce, dabbar iri ɗaya ce, amma abin da a can takura ce ta ɗan lokaci, a nan yana iya taɓa wanzuwar zuriya gaba ɗaya. Wanda ya kwafo ƙa'idar ƙara daga wancan bugu ya liƙa a wannan ba tare da ya sake auna ta ba, ya gina manhajar da za ta riƙa koya wa jami'ai ƙarya cikin launuka masu kyau.

Wannan ne ya sa nake ganin teburin da ake kira na matsin lamba, a cikin fayil ɗin ƙa'idojin wasan, ya fi kowane sashe buƙatar a sa masa ido. A cikinsa ne ake rubuta cewa kowane aikin ɗan Adam yana haifar da kaza na ƙara, kaza na tumurmusa ƙasan teku, kaza na hayaniya a saman ruwa, kaza na sabon gini da halittu za su iya maƙalewa. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Wasu daga bincike suke, wasu kuma hukuncin masana ne da suka zauna suka amince. Haka ma teburin hani, wanda ke cewa wannan aiki ba ya haɗuwa da wancan ko kaɗan, wannan kuma gargaɗi kawai za a yi. Shin ana barin jirgin su ya ratsa tsakanin turakun tashar iska? A ruwan Birtaniya an bari, a wasu ƙasashen maƙwabta an daɗe ana hanawa. Duk wadda mai gyara fayil ya zaɓa, ita 'yan wasa za su ɗauka a matsayin yadda duniya take.

Bugun Kilaid ya zo da wata tambaya ta daban. A Baltik ƙasashe tara ne ke kewaye da ruwan, ciki har da Rasha wadda ba ta cikin Tarayyar Turai, don haka ba wahala a san su wa za su zauna a tebura. Kilaid kuwa ɗan yanki ne a cikin ƙasa ɗaya. Rigimarsa ba ta iyakar ƙasa da ƙasa ba ce, ta maƙwabta ce: masu jan koma a ƙasan teku, masu dasa gura don kama jatan lande da ƙaguwa, masu kiwon kifin salmon a keji, jiragen fito da ke kai mutane tsibirai, 'yan yawon buɗe ido, da sansanin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa a Faslen. Yankin na da tabo a tarihinsa. A 1984 aka soke dokar da ta hana jan koma a cikin mil uku daga gaɓa, cikin shekarun da suka biyo baya kuma kamun manyan fararen kifaye ya durƙushe, har kusan duk abin da ake saukewa ya koma jatan lande da dangin kawa. Mutanen tsibirin Aran sun yi shekaru suna fafutuka kafin a 2008 a keɓe musu wani ɗan yanki a Lamlash, wanda bai kai murabba'in kilomita uku ba, inda aka haramta kamun komai. A taswirar da kowane gida ya kai kilomita goma tsawo da faɗi, irin wannan wuri ko ɗigo ba zai zama ba. Ke nan dole a sake yanka tekun da ƙananan gidaje, a kuma nemo bayanai masu irin wannan ƙanƙantar.

Su kuwa bayanan nan, wa suke gani? Yawancin taswirorin zirga-zirgar jirage daga na'urar AIS ake samo su, wadda ke sanar da inda jirgi yake. Dokar duniya ta wajabta ta ga jiragen da suka kai tan 300 masu ƙetare ƙasashe, a Tarayyar Turai kuma ga jiragen su da suka haura mita 15. Ƙaramin jirgin mai gura ba ya cikin lissafi. A kan allo, wurin da yake samun abincin iyalinsa fili ne fetal, shuɗi, mai jiran a zana masa tashar iska. Hukumomin Sukotlan sun gane wannan giɓi, shi ya sa suka yi aikin da ake kira ScotMap: ma'aikata suka bi tashoshi suna zama da masunta sama da 1,000 masu ƙananan jirage, kowa ya nuna a taswira inda yake zuwa, da abin da yake kamawa, da abin da wurin ke kawo masa. Aiki ne mai gajiyarwa, wasu ma suna ɗari-ɗari, don masunci ba ya son bayyana inda yake samu. Amma ba da wannan ba, da mutanen nan ba su da wakili a cikin duk wani tsari da za a zana.

A ce yau an tashi kawo wannan manhaja Mashigin Tekun Gini, ruwan da Nijeriya ke da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853 a kansa. Dalilin yin haka ba ɓoyayye ba ne, kuma ya shafi har wanda bai taɓa ganin teku ba. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin ruwa suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, mutane a Kano da Akara suka kasa tura kuɗi. A watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgi ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a kusa da Lome, gas ya daina isa Gana kusan shekara guda. Sabuwar tashar Lekki ta fara aiki a 2023, shekarar da Nijeriya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku. Man Nijar ma yanzu ta bututu yake gangarowa zuwa Seme a gaɓar Jamhuriyar Benin, inda jirage ke lodi. Masu neman fili sun yawaita, ƙasashen kuma suna da inuwar da za su haɗu a ƙarƙashinta, wato Yarjejeniyar Abijan ta 1981.

Amma duk abin da aka gina don Turai sai an sake shi daga tushe. Sashen lantarki an tsara shi ne don tashoshin iska da wayoyinsu, alhali a nan rijiyoyin mai da bututu ne ke cin fili. Lissafin halittu dole ya san cewa daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasa a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, ya kawo abincin da ƙananan kifayen sardin ke bi, ya kuma san dazukan bakin ruwa na Neja Delta inda kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu. Akwai abin farawa da shi: jirgin binciken Dr Fridtjof Nansen ya daɗe yana auna kifin gaɓar Afirka, Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas kuma tana aiki tun 1975. Iyakoki ma sai an yi hattara, domin layin da aka ja a wasa yana iya zama maganar diflomasiyya. Ta Gana da Kwaddibuwa sai a 2017 kotun teku ta duniya ta yanke ta, tsakanin Nijeriya da Sawo Tome kuwa akwai yankin haɗin gwiwa da aka amince da shi a 2001.

Babban giɓin shi ne wanda Sukotlan ta gani, sai dai a nan ya ninka sau ba adadi. Mafi yawan masu shiga wannan teku da kwalekwale suke shiga, ba na'ura, ba rajistar tafiya. Masuntan Fanti da Ewe suna bin kifi daga ƙasa zuwa ƙasa da sauyin yanayi. A garuruwa da yawa na gaɓar Gana ba a fita su ranar Talata, kuma sarkin masunta ne ke raba gardama a bakin ruwa. Dokar Nijeriya ta hana jiragen koma shiga mil biyar na farko daga gaɓa, amma masu kwalekwale sun daɗe suna kukan cewa ana shigowa da dare ana yayyaga musu taru. Idan aka rubuta a fayil cewa mil biyar ɗin nan kariyayye ne, manhajar za ta gaskata, ta nuna kifi na ƙaruwa a inda a zahiri raguwa yake yi. Matan da ke sayen kifin su banda shi su aika kasuwannin cikin ƙasa, su kam ko a gefen taswira ba za su fito ba.

Masu MSP Challenge sun fitar da wani bugu na kan tebur a 2016, mai babban allo da 'yan alamomi da zaruruwa masu launi, a kan wani teku na ƙirƙira mai ƙasashe uku. Hukumar kula da teku ta UNESCO ta yi amfani da shi wajen horo a ƙasashe da dama. Ba ya buƙatar wuta ko intanet, kuma wanda bai yi boko ba zai iya ɗora hannu ya ce nan nake zuwa. A ganina da irin wannan ya kamata a fara a Badagiri da Elmina da Kwatano, a tattara abin da masunta suka nuna a mayar da shi fallen taswira, kafin a kunna kwamfuta ko ɗaya. Jami'o'in yankin su riƙe lissafin halittun a hannunsu, su san kowace lamba da ke ciki da inda ta fito, don su iya gyara ta idan teku ya ƙaryata ta. Duk hukumar da ta karɓi bugun da aka gama haɗawa a wata ƙasa ba tare da ta buɗe teburin hani da na matsin lamba ta karanta ba, to ta bar wasu sun yanke mata hukuncin wanda ke da wuri a ruwanta da wanda ba shi da shi.